Hanyar Ƙafa Ta Atlanta: Wa Aka Gyara Wa Unguwa?

[Kiɗan buɗe shiri]

 Yau za mu yi nisan zango, domin birnin Atlanta na jihar Jojiya, a kudancin Amurka, za mu leƙa. Na san da jin sunan nan dattawan 'yan ƙwallo za su gyara zama, saboda a gasar Olamfik ta Atlanta ta 1996 ne Najeriya ta doke Barazil da ci 4 da 3, ta kuma doke Ajantina da ci 3 da 2 ta ɗauko zinare, da su Tijjani Babangida da Garba Lawal a cikin tawaga. To amma yau ba ƙwallo ce ta kawo mu ba. Wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce da aka mayar hanyar masu tafiya a ƙasa da masu keke, da kuma dokokin gini da aka sake wa unguwannin da ke gefenta. Za mu ji abin da suka yi daidai, mu kuma ji inda suka makara.

Atlanta dai jirgin ƙasa ne ya haife ta. A 1837 aka kafa turke a wurin don nuna ƙarshen wani layin dogo, gari ya tashi a kewayen turken. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, kamfanonin jirgi daban-daban suka shimfiɗa layuka da suka zagaye tsakiyar birnin don kai kaya masana'antu da manyan rumbunan ajiya. Da manyan motocin dakon kaya suka ƙwace kasuwa, masana'antu suka ƙaura bayan gari, yawancin layukan suka mutu. Ciyawa ta rufe su, aka mayar da wasu wuraren juji, gidaje da shaguna duk suka juya musu baya. Shi kuwa birnin sai ya bazu. A yau mutanen da ke cikin ainihin Atlanta kimanin 500,000 ne, amma idan aka haɗa da garuruwan da suka manne mata sun haura miliyan 6, kuma kusan kowa da mota yake fita ko da burodi zai sayo.

Mai sauraro zai ce ai masu kuɗi ne, shi ya sa ba sa taka ƙasa. Ba nan gizo ke saƙa ba. Doka ce ta hana su tafiya a ƙasa, ko da yake babu inda aka rubuta haka ɓaro-ɓaro. Bari in yi bayani, don nan ne gindin maganarmu ta yau.

A biranen Amurka kowane fili yana da rukunin da hukuma ta sa shi. Wannan yanki na gidajen zama ne kawai, wancan na kasuwanci, wancan kuma na masana'antu. Birnin New York ne ya fara yin cikakkiyar doka irin wannan a 1916, Kotun Ƙolin ƙasar kuma ta tabbatar da halascin tsarin a 1926. Asalin niyyar ba ta da laifi, don ba wanda ke son a kafa masa masana'anta mai hayaƙi a jikin katangarsa. Sai dai an wuce gona da iri. A unguwar da aka ware wa gidajen zama, mutum ba shi da ikon buɗe ɗan kanti a gaban gidansa. A fili ɗaya gida ɗaya za a gina, na iyali ɗaya. Can kuma a yankin kasuwanci doka ta ce duk wanda zai gina kanti ko ofis sai ya tanadi wurin ajiye motoci gwargwadon girman ginin. Sai maginin ya tura gininsa can ƙurya, ya shimfiɗe gaban da kwalta. Kanti na gaba ma haka, na gaba da shi ma haka. Ka ga ke nan tsakanin ƙofa da ƙofa sai an keta fili fetal a cikin rana, ba inuwa, ba abin kallo, motoci na shiga suna fita. Wa zai yi sha'awar tafiya a irin wannan wuri? Wanda ba shi da mota kuwa, tsoho ne ko yaro ko talaka, ya zama ɗaurarre a gidansa.

A 1999 wani ɗalibi mai suna Ryan Gravel, da ke karatun zanen gine-gine da tsara birane a jami'ar Georgia Tech, ya rubuta kundin digirinsa na biyu a kan waɗannan matattun layuka. Ya taɓa zama a birnin Paris yana ɗalibi, ya ga yadda ake rayuwa ba tare da mota ba. Shawararsa ita ce a haɗa layukan su zama zobe guda mai tsawon mil 22, wato kimanin kilomita 35, a sa ƙaramin jirgin fasinja a kai, ya ratsa unguwanni 45. Kundin bai tsaya a kan kanta yana shan ƙura ba. Wata kansila, Cathy Woolard, ta ɗauki maganar, ita da Gravel suka riƙa bin tarurrukan unguwanni suna bayani, aka ƙara da batun hanyar ƙafa da ta keke da itatuwa da wuraren shaƙatawa. Magajiyar gari ta lokacin, Shirley Franklin, ta mara baya. A 2005 majalisar birni ta amince da tsarin, a 2006 aka kafa hukumar da za ta gudanar da aikin. Sunan aikin BeltLine.

Ku riƙe yadda aka tsara samo kuɗin, don za mu dawo kansa. A Amurka mai gida yana biyan haraji duk shekara gwargwadon darajar gidansa. Sai aka shata yankin da ke gefen layin, aka ce har tsawon shekara 25 hukumar birni da ta gunduma da ta makarantu za su ci gaba da karɓar abin da suke karɓa a lokacin da aka shata yankin, duk abin da ya ƙaru a kai saboda tashin darajar gidaje da sababbin gine-gine kuwa, asusun aikin zai shiga.

Yanzu ga dokar ginin. Masu tsarin sun gane cewa shimfiɗa siminti da dasa itatuwa kaɗai ba zai sa mutane su fito ba. In dai abin da ke dama da hagu katanga ce da bayan rumbu da filin ajiye motoci, to hanyar za ta zama ta 'yan motsa jiki da safe, da magariba kuma kowa ya guje ta. Saboda haka a 2007 majalisar birni ta ɗora wata ƙarin doka a kan dokokin da ke akwai, wadda ta shafi filayen da ke cikin kimanin rabin mil daga layin ta kowane ɓangare. Me ya sa rabin mil? Domin tafiyar minti 10 ce ga mai lafiya, kuma masana tsara birane sun daɗe da lura cewa in abu ya fi haka nisa, yawancin mutane mota za su nema.

Dokar ta shiga har cikin ƙananan abubuwa. Sabon gini dole babbar ƙofarsa ta kalli titi, wanda ke jikin layin kuma kada ya ba shi baya. Ba a yarda a shimfiɗa wurin ajiye motoci tsakanin gini da titi ba, sai dai a kai shi baya ko gefe ko a cusa shi cikin ginin. Dole a yi wa masu ƙafa faffaɗar hanya a bakin titi, a dasa itatuwa tsakaninsu da motoci. Hawan ƙasa na manyan gine-gine ana son ya zama mai rai, shago ko wurin cin abinci ko ƙofar gidan wani, da tagogi, ba doguwar katanga shafaffiya ba. Wanda ke da ƙaton fili kuma ba zai kewaye shi ya toshe unguwa ba, sai ya bar tituna sun ratsa, yadda mai ƙafa ba zai yi dogon zagaye ba kafin ya isa inda yake hange da idonsa.

Wannan batu na taga da ƙofa kada ku ɗauke shi ado. Inda ƙofofi ke kallon hanya, akwai mai shiga da mai fita, akwai mai shago da ke zaune yana ganin kowa. Mace za ta bi ta wurin da dare hankalinta kwance, uba zai bar ɗansa ya je aike. Inda kuwa katanga ce ta yi tsawon zango ba ƙofa, ko an sa fitila mutum sauri yake yi ya wuce.

Ban da wannan ƙarin doka, an raba zoben gida 10, kowane yanki aka zauna da mazaunansa aka zana masa taswirar abin da ake so ya zama. Atlanta tana da majalisun unguwanni tun 1974, zamanin Maynard Jackson, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin, kuma ta gabansu ake bi da duk wata buƙatar sauya rukunin fili don su faɗi ra'ayinsu kafin majalisar birni ta yanke hukunci. Ta wannan hanya aka riƙa sauya filayen tsofaffin masana'antu zuwa rukunin da ya halatta a cakuɗa: shaguna a ƙasa, ofisoshi da gidajen haya a sama, mutane da yawa a ƙaramin wuri. Yawan mutanen shi ne ke riƙe shago, shagon kuma shi ne dalilin da zai sa mutum ya sa takalmi ya fito.

Za mu ɗan shaƙata, in mun dawo mu ji abin da ya biyo baya.

[Kiɗa]

Madalla, barkanmu da dawowa. Ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne a kan birnin Atlanta da hanyar BeltLine.

A 2011 aka buɗe wani wurin shaƙatawa a unguwar Old Fourth Ward, a jikin layin. Yankin kwari ne da ambaliya ta daɗe tana damu. Da farko ramin ƙarƙashin ƙasa aka yi niyyar haƙawa don janye ruwan, sai aka canza shawara aka yi tafki a tsakiyar lambu, in an yi ruwan sama mai yawa ya cika ya riƙe, daga baya ya sake shi a hankali. Aikin da kududdufan cikin birnin Kano ke yi ke nan tun kaka da kakanni, kafin a bi da yawansu a cike a yi gini. Tafkin ya zo wa Atlanta da sauƙin kuɗi fiye da ramin, ga shi kuma mutane sun samu wurin zama.

A watan Oktoba na 2012 aka buɗe sashen gabas na hanyar, mai tsawon mil 2 da 'yan kai. Jama'a suka yi masa caa fiye da yadda aka zata. A bakinsa akwai wani makeken gini na jan bulo da kamfanin Sears ya gina a 1926, wanda daga baya hukumar birni ta mayar ofisoshinta, yawancinsa kuma ya zauna fanko. A 2011 aka sayar wa wani kamfani, ya gyara shi ya zama kasuwa da ofisoshi da gidaje, ana kiransa Ponce City Market, har da gada da ta haɗa shi da hanyar kai tsaye. Gine-ginen da suka shekara da shekaru suna ba layin baya suka fasa ƙofofi ta wajensa. Biliyoyin daloli na 'yan kasuwa suka kwarara yankin. Ta fuskar abin da dokar 2007 ta nema, wato a fito a taka ƙasa, ba mai musun an ci nasara.

Saura tambayar da ta fi nauyi: su wa ke takawar?

Old Fourth Ward ba unguwa ce da ba ta da tarihi ba. A yankin ne, a kan titin Auburn, aka haifi Martin Luther King a 1929. Unguwar baƙaƙen fata ce da ta sha wuya. An keta yankin da babbar hanyar mota, an rushe wani sashe nata a shekarun 1960 da sunan kawar da gidajen marasa galihu, masu hali suka tashi, waɗanda suka rage suka zauna da kwata da duhu da rashin kulawar hukuma. Da hanya ta zo, lambu ya zo, sai farashi ya tashi. Wani malamin jami'a, Dan Immergluck, da abokiyar bincikensa Tharunya Balan, sun bi cinikin gidaje daga 2011 zuwa 2015, suka gano cewa a yawancin sassan zoben, tashin farashin gidajen da ke cikin rabin mil daga layin ya zarce na sauran birnin da kashi 18 zuwa 27 cikin 100. Har a unguwannin kudu maso yamma, inda a lokacin ba a ma gama aikin ba, labari kawai ya isa ya ɗaga farashi, domin dillalai ba sa jiran a yanke ƙyalle.

Ɗan haya shi ne na farko da ke ji a jikinsa. Wa'adi na cika mai gida zai ƙara kuɗi, kuma dokar jihar Jojiya ta hana birane ƙayyade kuɗin haya. Mai gidan kansa ma bai tsira ba. Ku ɗauki tsohuwar da ta gama biyan bashin gidanta shekaru da suka wuce, tana zaune da ɗan fanshonta. Ba ta ƙara ko bulo ɗaya ba, amma a takardar hukuma darajar gidanta ta ninka, harajinta ya bi sahu. Kullum ga masu saye suna aiko mata da takarda suna buga mata waya. Ƙarshenta ta sayar ta koma can bayan gari, inda ba a zuwa ko'ina sai da mota, ita da ba ta tuƙi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba wai masu tsarin ba su hango haka ba. Tun 2005 an yi alkawarin samar da gidaje 5,600 masu sauƙin kuɗi kafin 2030, an kuma ce za a ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da aka ranto da sunan asusun don wannan. Amma alkawari ne a kan hukumar aikin, ba sharaɗi ne a kan magina ba. Mai gina bene mai ɗaki 300 dole ne ya bi ƙa'idar taga da ƙofa da itace, amma a lokacin ba abin da ya tilasta masa ya bar ko ɗaki ɗaya ga mai ƙaramin albashi. A 2016 Ryan Gravel da kansa, tare da wani ɗan gwagwarmaya mai suna Nathaniel Smith, suka ajiye muƙamansu a kwamitin ƙungiyar da ke tara wa aikin gudummawa, suka ce an yi sakaci da batun gidajen talakawa. A 2017 binciken babbar jaridar birnin ya nuna cewa gidaje masu sauƙin da aka sa wa kuɗi ba su kai 800 ba, alhali an ci kusan rabin wa'adi.

A ƙarshen 2017 ne majalisar birni ta yi dokar da ta fara aiki a farkon 2018. Duk sabon ginin haya mai gida 10 ko fiye a yankin, sai mai shi ya ware kashi 15 cikin 100 ga masu samun da bai wuce kashi 80 na matsakaicin samun yankin ba, ko kashi 10 ga waɗanda ba su wuce kashi 60 ba, ko kuma ya biya kuɗi a madadin haka. Doka ce mai kyau. Amma ku lissafa: dokar siffar gini 2007, dokar wanda zai zauna a ginin 2017. Shekara 10 cif. A cikin shekarun nan ne aka gine filaye mafi daraja na gabas, kuma doka ba ta komawa baya ta kama ginin da ya riga ya tashi.

Don a yi adalci, aikin ya gamu da cikas da ba laifin masu shi ba ne. A 2008 kotun ƙolin jihar ta hana a taɓa kason harajin makarantu, sai da aka gyara tsarin mulkin jihar ta hanyar ƙuri'a. A shekarar ce kuma tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, kuɗin da aka yi hasashe bai shigo ba. Duk da haka, a ganina akwai gyambo a cikin tsarin tun daga tushe. Na ce ku riƙe yadda ake samo kuɗin. Asusun aikin ba ya cika sai darajar gidaje ta tashi. Hukumar da abincinta ke cikin tsadar gidaje, da wuya ta zama ita ce mai gaggawar taka wa tsadar birki. Kuma shekarun durƙushewar nan, lokacin da gidaje a unguwannin kudu da yamma suka faɗi warwas, su ne lokacin da ya kamata hukuma ta saye filaye ta ajiye. 'Yan kasuwa ne suka saye.

Daga baya an yi gyare-gyare. An buɗe sashen yamma a 2017. A 2020 aka fara wani shiri da kuɗin masu ba da taimako, wanda ke biya wa tsofaffin mazauna masu ƙaramin ƙarfi a unguwannin yamma da kudu maso yamma ƙarin harajin gidajensu har zuwa 2030. Hukumar aikin ta shiga sayen filaye da kanta. A 'yan shekarun nan majalisa ta hana buɗe sababbin gidajen mai a yankin, da irin shagunan da ake miƙa wa mutum abinci yana cikin mota, ta kuma sassauta tilascin tanadar wurin ajiye motoci. Jirgin fasinja kuwa, wanda shi ne ƙashin bayan kundin Gravel, har yau ba a ɗora shi a kan zoben ba, ana ta jayayya a kansa. Wannan ma rashi ne da ya fi taɓa talaka, domin mai aikin da ke nesa ba zai taka mil 8 da asuba ba, komai kyan itatuwan.

Jama'a, tsarin mallakar ƙasa a wurinmu daban yake da na Amurka. A Najeriya, tun dokar 1978, ƙasar birni tana hannun gwamna ne a matsayin amana, harajin gida kuma bai yi ƙarfin nasu ba. Amma tashin haya da zarar an zuba kwalta ko an gyara magudanar ruwa, wannan ba sai an ba mu labari ba. Don haka duk ranar da kuka ji za a gyara bakin wani rafi, ko gefen layin dogo, ko za a fitar da sabuwar hanya a unguwarku, kada ku tsaya kallon zanen da aka kafa a allo. Ku je wurin mai unguwa, ku nemi kansilanku, ku tafi ofishin hukumar tsara birni a ƙungiyance. Ku tambaya me aka yarda a gina a filayen gefe, ina mai ƙafa zai bi, ina za a bar wa mai shayi da mai kayan miya, kuma me aka rubuta, a takarda ba da baki ba, game da 'yan hayan da ke wurin yanzu. Ku yi tambayar tun kafin motar awo ta iso.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]